Awarwaron Kaka Sun Tafi Banki

Chalakudy, 11 ga Janairu

Zuwa ga Ammayi Thresia,

Ki yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto miki ba tare da kin ce in rubuto ba. Ni ce Jismi, 'yar ƙaninki Ouseph. Rabonki da ni tun ina ƙarama, ranar da aka binne Kaka, don haka ba na jin za ki gane ni ko da mun haɗu a hanya. Yanzu ina aji goma, za mu yi jarrabawar fita a watan Maris. Na samu adireshinki a bayan wani tsohon katin Kirsimeti da kika aiko.

Ina fata kina lafiya, kuma aikin asibiti a Oman bai yi miki yawa ba. Mu nan lafiya lau. Appa yana nan yana aikinsa a garejin bas-bas, sai dai ciwon baya da ke taɓa shi idan ya daɗe a ƙarƙashin mota. Mama ma lafiyarta ƙalau.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Lahadin da ta wuce an yi baftismar jikan Anti Rosakutty ta dangin Appa, muka je. Mama ta sa awarwaro irin na kasuwa, waɗanda ake shafa wa ruwan zinare. Da aka zauna cin abinci sai Anti Rosakutty ta kama hannun Mama, ta juya shi, ta ɗan kankare ɗaya da farce. Ta ce, "Leela, yaushe zinaren surukarki ya fara saɓa kamar maciji?"

Mama ta ce, "Na ajiye su ne, Yaya. Kin san yadda ake fizge a bas yanzu."

Ta ce, "To madalla. Ajiyar ce ta kai Ouseph layin masu jingina a banki? Ɗana ya gan shi, har ya gaishe shi, ya yi kamar bai ji ba."

Mama ta ci gaba da cin shinkafarta ba ta ɗago ba. Da za mu tafi na ji Anti Rosakutty tana ce wa wata dole ta sanar da ke, tunda kayan mahaifiyarki ne.

Ina so ki fara ji daga gidanmu. Gaskiya ne, awarwaron Kaka suna banki. Amma Appa ba ya shan giya, ba ya caca, ba a kore shi daga aiki ba, kuma babu mai ciwo a cikinmu. Akwai dalili, sai dai Appa ya sa ni da Mama mun yi alkawarin ba za mu faɗa wa kowa ba. Ina roƙonki kada ki yi fushi da shi. Na lura ba ku cika magana ba tun rasuwar Kaka, ban san dalili ba, kuma ba hurumina ba ne in tambaya.

Ba zan iya kiranki ba, domin waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun Appa. Idan kin ga ya dace ki amsa, ki aiko ta makarantarmu, Sista Alphonsa mai kula da ajinmu za ta ba ni.

Taki cikin ladabi,
Jismi

*

Ibri, 27 ga Janairu

'Yata Jismi,

Takardarki ta same ni lafiya. Rubutunki ya fi na likitocinmu kyau nesa ba kusa ba. Ni lafiya ƙalau, sai ƙafafu da ke kumbura idan na wuni a tsaye. Ki gaishe da Leela. Ki ce wa ubanki ya daina kwanciya a kan siminti mai sanyi.

Rosakutty ta riga ki. Ta kira ni, ta ƙona kuɗin wayarta kaf a kan wannan magana, matar da ba ta taɓa kira ta tambayi ko ina raye ba.

Na karanta takardarki sau uku. Kin lissafa mini duk abin da ubanki ba ya yi, amma ba ki faɗi abin da ya same ku ba. Yarinya ba ta zama ta rubuta wa wadda ba ta sani ba sai abu ya kai inda ya kai. Na san Ouseph tun yana yawo ba wando. Ko ruwa zai cinye shi ba zai ɗaga hannu ba, don kada a ce ya nemi taimako. Na kira shi sau biyu, ya ce komai lafiya, ya ce yana ƙarƙashin mota, ya kashe.

Ki faɗa mini tsakani da Allah: kuna cin abinci sau uku? Mai gidan haya ya ba ku wa'adi ne? An biya kuɗin jarrabawarki? Nawa ya karɓa a kan awarwaron, kuma yaushe wa'adin zai cika? Idan wa'adi ya wuce gwanjonsu ake yi, kin sani ko ba ki sani ba. Kayan uwata ne, ba zan zauna a nan in ji an narkar da su ba.

Ki amsa da wuri, kuma kada ki ji tsoro. Ba zan ce daga wurinki na ji ba.

Ammayinki,
Thresia

*

Chalakudy, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Ammayi,

Na gode da amsarki. Muna lafiya, ina fata ƙafafunki sun yi sauƙi. Da Sista ta miƙo mini takardar sai da na shiga ɗakin karatu na ɓuya kafin na buɗe.

Na ga na tsorata ki, alhali kwantar miki da hankali na so yi. Saboda haka zan karya alkawarin da na yi wa Appa. Na yi addu'a a kai, na ga barinki cikin wannan tunani ya fi muni.

Gida Appa yake so ya saya. Kin san Malam Ittoop da ya koyar da ku lissafi? Zai koma wurin ɗansa a Bangalore, yana so ya sayar da gidansa na bayan coci, mai rijiya da bishiyoyin kwakwa a tsakar gida. Ya ce ya fi so ɗalibinsa ya zauna a ciki, kuma zai jira mu har damina mai zuwa ta yi nisa. Tun da aka haife ni a haya muke. Gidan da muke ciki yanzu, idan ruwa ya sauko sai mun jera tukwane a ɗaki, kuma mai gidan ya hana Mama ko barkono ta shuka.

Appa ya tara wani abu ta adashi, sauran sai banki. Ranar da ya je neman rance ya tafi da ni don in taimaka masa da takardu. Manajan ya buga sunansa a na'ura, ya duba, ya ce, "Malam Ouseph, ban gan ka a ko'ina ba."

Appa ya gyara zama ya ce, "Ba za ka gan ni ba, ranka ya daɗe. Ban taɓa cin bashin kowa ba, ko na gishiri."

Manajan ya ce, "To matsalar ke nan. Wanda bai taɓa ci ba, ta yaya zan san yana biya?"

Appa ya zaci wasa ne, har ya yi dariya. Ya ce a tambayi uwar adashinsu, tun kafin aurensa yake zubi bai taɓa tsallake wata ba. Manajan ya ce ya yarda, amma adashin unguwa ba ya shiga na'urarsu, kuma na sama da shi na'ura suke dubawa, ba fuskar mutum ba. Ya ba da shawara Appa ya ci ɗan ƙaramin bashi, ya riƙa biya wata-wata har shekara ta cika, kada ya makara ko sau ɗaya, kuma kada ya biya gaba ɗaya kafin lokaci. Ya ce watannin a jere su ne shaidar da ake so.

Appa ya yi kwanaki yana juya maganar, bai san da me zai ci bashin ba. Mama ce ta cire awarwaron ta ajiye a gabansa. A watan Yuli aka kai su. Kuɗin da aka ba shi suna nan a bankin bai taɓa su ba, daga ciki yake biya, yana cika kuɗin ruwan daga albashinsa. Duk wata yakan sa rigarsa ta zuwa coci ya je da kansa. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta tsayuwa a wannan layin ba.

Ya hana a faɗa ne saboda yana tsoron wani mai kuɗi ya ji ya je ya ƙara wa Malam Ittoop farashi. Ina jin kuma yana tsoron a ce ya yi yunƙuri ya kasa.

Muna cin abinci sosai, Ammayi. Jiya ma rogo da miyar kifi muka ci. A watan Yuni za a gama, awarwaron su dawo. Don Allah kada ki yi komai sai addu'a.

Taki,
Jismi

*

Chalakudy, 2 ga Maris

Zuwa ga Ammayi,

Ina gaisuwa. Muna lafiya a jiki. Ki yi haƙuri da rubutuna a yau, sauri nake yi.

Na tabbata takardata ta biyu ba ta same ki ba. Kawu Kuriachan, direban motar asibitinku, ya ce an tura ki wani ƙaramin asibiti a ƙauye na wata guda, kuma a can kika ba shi saƙo da zai taho hutu.

Ranar Lahadi bayan coci ya iso gidanmu a keke mai ƙafa uku, da ƙaton kwali da ƙanshin turare. Maƙwabta duk suka leƙo. Ya zauna a baranda, ya sha shayi, ya raba dabino da sabulu. Sannan ya zaro ambulan mai kauri ya ajiye a kan benci, ya ce da ƙarfi, "Ouseph, yayarka ta ce ka je ka fanso kayan uwarku. Ta ce in gani da idona kafin in koma."

Matar mai gidan haya tana tsaye a bakin ƙofarta tana tsefe kai. Na ga kunnen Appa ya yi ja.

Ya ce, "Wa ya ce mata bara nake yi?"

Kawu ya ce, "Wa ya ce bara? Kuɗin 'yar'uwarka ne, ba na coci ba. Ka ɗauka, mutum. Ni dai ba zan koma da su ba. Kai ba ka san Sista Thresia ba ne? Allura za ta yi mini a inda ba ciwo."

"Na san ta kafin ka san ta. Ɗauke kayanka."

"To ni zan je bankin. Akawunsu ajinmu ɗaya da shi. In biya, in karɓi rasit, in huta."

A nan Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce su shigo ciki. Ta rufe ƙofa ta faɗa wa Kawu komai, Appa yana harararta. Kawu ya saurara baki buɗe, ya ce, "Tsaya, Leela. Ya ci bashin da ba ya buƙata, ya ajiye kuɗin a wurin wanda ya ba shi, yana kuma biyansa lada a kai, don a yarda a ba shi wani bashin da ya fi wannan?"

Mama ta ce, "Haka ne."

Ya ce, "Ni da na ce zafin Oman ne ke taɓa ƙwaƙwalwa."

Na so abin ya tsaya a nan. Amma cikin ambulan akwai 'yar takardarki, Appa ya karanta. Kin rubuta cewa awarwaron na mahaifiyarki ne, kuma da kin san inda za su ƙare da ba ki bar su a gidan ba. Ya naɗe ta a hankali. Ya ce, "Ta yi gaskiya. Tun ranar jana'iza take kallon hannun matata. Gobe zan kwashe kuɗin in biya gaba ɗaya, in karɓo su, ka kai mata abinta."

Mama ta ce, "Gidan fa? Saura wata huɗu."

Ya ce, "A haya aka haife ni, ban mutu ba."

Ammayi, da gaske yake. Washegari ya sa rigar coci ya nemi takardar jingina, wadda ba a ba da kaya sai da ita, bai gan ta ba. Ya birkice akwati, ya zazzage littafin addu'a. Mama tana kankare kwakwa ta ce, "Ni na ɗauke. Uwarka a hannuna ta sa su, ba a naka ba." Ya ce zai je ya ce ta ɓata a yi masa wata. Ta ce, "Je ka. Ka fara tarihinka a banki da ƙarya." Ya kai ƙofa ya juyo, ya cire rigar ya tafi gareji. Tun ranar ba sa magana sai ta bakina.

Ya ce ko da takarda ko babu, kafin Kawu ya koma a ƙarshen wata zai karɓo su. Idan ya yi haka shekarar ta karye, kuma Malam Ittoop ba zai iya jiran wata shekarar ba, ɗansa yana matsa masa.

Laifina ne. Da ban rubuta takardar farko a dunƙule ba da duk wannan bai faru ba. Ba ya ɗaukar wayarki, na ga yana kifa ta idan sunanki ya fito. Ban san abin da zan roƙe ki ba. Ki dai yi abin da kika ga ya dace.

Taki,
Jismi

*

Ibri, 15 ga Maris

'Yata Jismi,

Na dawo daga ƙauyen na tarar da takardarki ta Fabrairu tana jirana a ɗakin masu gadi, ta Maris kuma ta iso bayan dawowata da kwana biyu. Ina lafiya. Ba laifinki ba ne, ki cire wannan daga ranki ki fuskanci jarrabawarki. Ke kin rubuta abin da aka ba ki izini, ni ce na karanta da tsohon tsoro.

Tunda ubanki ya mai da wayarsa murfin tukunya, ki karanta masa abin da ke ƙasa. Ki bari sai ya zauna cin abinci, ba ya iya tashi ya bar shinkafa.

Ouseph,

Kai ƙarami ne lokacin, ba za ka tuna ba. Awarwaron nan sun fi sanin akwatin mai ba da bashi fiye da hannun uwarmu. Shekarar da ambaliya ta cinye ayabar Baba, sun tafi. Da ka yi zazzaɓin da ya kusa kashe ka, sun tafi. Ni ake aike da su, a ƙulle a gefen zane, in bi ta bayan kasuwa don kada a gan ni. Duk ranar da na ga hannun uwarmu babu komai, na san da dare ruwan shinkafa za mu sha, ita kuma ta ce ta riga ta ci. Tafiyarsu ta ƙarshe kuɗin makarantar jinyata suka biya, kuma sai da na yi shekara biyu ina aiki kafin na fanso mata su.

To da Rosakutty ta ce sun sake tafiya, me kake so in zata? A raina na ga 'yarka tana shan ruwan shinkafa, ka hana a faɗa mini. Ban taɓa jin inda mai ƙoshi ya kai zinare jingina ba. A gidanmu ba a taɓa yi ba.

Abin da na rubuta a 'yar takardar nan, a tsaye na rubuta shi, cikin fushi, Kuriachan yana danna mini hon. Ban janye cewa na uwata ne ba. Amma ba na son su. Ina wanke hannu sau ba adadi a wuni, an hana mu sa ko zobe, a ina zan sa awarwaro? Ranar jana'iza ba hannun Leela nake kallo don ƙyashi ba. Ina kallon su ne ina tuna hannun da suka fito daga ciki. Da ka tambaye ni da na faɗa maka, amma kai ba ka tambaya, kumbura kake yi.

Idan ka kuskura ka ba Kuriachan su, zan sa a kwali in aiko wa Rosakutty ta ajiye maka. Ka san zan iya.

Sun sha fita don yunwa da ciwo. Wannan ne karo na farko da suka fita don gida. Ka bar su su gama aikinsu. Uwarmu ta mutu a ɗakin haya tana cewa a yi hankali da bango kada mai gida ya yi faɗa. Ka sayi gidan Malam Ittoop. Na san rijiyar, ruwanta ba ya ƙafewa ko a watan Afrilu.

Ambulan kuma, ka riƙe ko ka mayar, ba zan yi magana ba.

Yayarka,
Thresia

Jismi, idan ya yi tsaki a tsakiya kada ki tsaya, ki ci gaba da karatu. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

*

Chalakudy, 30 ga Maris

Zuwa ga Ammayi,

Ina gaishe ki da farin ciki. Muna lafiya, kuma mun gama jarrabawa. Lissafi ya yi mini sauƙi, kimiyya ce na ɗan ji tsoronta.

Takardarki ta iso saura kwana kaɗan Kawu ya tafi. Na yi yadda kika ce. Na jira Mama ta zuba masa shinkafa da miya, ya sa hannu, sannan na tsaya a bayansa na ce, "Appa, Ammayi ta aiko ta makarantarmu a karanta maka." Na san a nan ne zai gane ni ce na fara rubuta miki.

Ya ce, "Ta ina ta san makarantarki?" Ni dai na fara karatu.

Ya yi tsaki sau ɗaya, a wurin da kika ce kumbura yake yi. Mama ta juya baya tana dariya a cikin gefen zanenta. Da na kai wurin ruwan shinkafa sai ya daina ci. Da na gama sai ya ce, "Sake karanta wurin zazzaɓin." Na sake. Ya ce, "Ni an ce mini sarƙar Baba aka sayar." Ya cinye abincinsa, ya wanke hannu.

Can ya ce wa Mama, kai tsaye ba ta bakina ba, "Leela, ina takardar nan?"

Ta ce, "Me za ka yi da ita?"

Ya ce, "Ranar biya zan duba."

Ta ce, "Biyar ga wata ne, kamar kullum. Takarda tana inda take."

Bai yi musu ba. Ni kuma ya dube ni ya ce, "Ke, alkawari fa?" Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Kuɗin kan sarki a ina kika samu?" Na ce kuɗin bas ɗina ne, da ƙafa nake dawowa. Ya ce daga yau in tambaye shi.

Ya mayar wa Kawu Kuriachan ambulan ɗinki, kada ki ji haushi. Amma ya je kasuwa da kansa ya sayo ɗanyen mangwaro, Mama ta haɗa miki shi da yaji da mai a kwalba, irin wanda ya ce kina so tun kuna yara, da soyayyar ayaba. Shi ya ɗaure kwalbar da tsumma da igiya. Kawu ya ce, "Na kawo kuɗi an ƙi, an ɗora mini man da zai ɓata mini riguna." Appa ya ce idan ta fashe a hanya kada ya dawo garin nan.

Na yi barci sosai a makon nan.

Taki,
Jismi

*

Chalakudy, 21 ga Agusta

Zuwa ga Ammayi,

Ina fata kina lafiya. Mu nan lafiya lau. Ki yafe mini shirun da na yi. Na san kuna magana da Appa a waya yanzu, ina jin muryarki duk Juma'a kuna gardama a kan ciwon bayansa, sai na ga kamar ba a buƙatar takardata. Amma Appa ba ya ba da labari yadda ya kamata, "an gama" kawai yake cewa, shi ya sa na ce bari in rubuta miki dalla-dalla.

A watan Yuni ya yi biyan ƙarshe, muka je mu uku. Aka fito da awarwaron a 'yar jakar da aka liƙe, aka auna a gabanmu, Mama ta sa su tun a nan. Bayan 'yan makonni muka koma wurin manaja. Ya buga sunan Appa, ya juyo da na'urar ya ce, "Ga ka nan, Malam Ouseph. Yanzu kai mutum ne sananne."

Appa ya ce, "Shekara hamsin ina biyan kowa haƙƙinsa ba a san ni ba, sai da na zama mai bashi."

Manajan ya ce, "Yanzu ma za ka fi sanuwa, na shekara goma sha biyar ne." Har Appa sai da ya yi dariya.

Jiran amsa daga babban ofishinsu ya fi komai wuya, Malam Ittoop har ya fara ɗaure littattafansa. Amma an amince. An sa hannu, an ba mu makulli, Fada ya zo ya yi addu'a, Mama ta dafa madara a sabon murhu har ta tafaso ta zube kamar yadda ake yi idan an shiga sabon gida. Anti Rosakutty ta zo. Ta zagaya ɗakunan, ta leƙa rijiya, ta ce kicin ɗin ya yi ƙanƙanta. Mama ta ce, "Haka ne, Yaya," ta ƙara mata shayi.

An yi ruwa mai ƙarfi a daren farko. Mama ta tashi cikin barci ta nufi kicin ɗauko tukwane, sai a tsakiyar ɗaki ta tuna. Da safe ta ba mu labari tana dariya har da hawaye.

Akwai ƙaramin ɗaki da tagarsa ke kallon bishiyoyin kwakwa. Na so in mai da shi wurin karatu, Appa ya ce in sa teburina amma kada in cika shi da kaya, na Yaya Thresia ne idan ta zo Kirsimeti. Ban sani ba ko ya faɗa miki. Ina jin bai faɗa ba.

Na ci jarrabawata, na samu gurbi a ajin kimiyya.

Ammayi, maganar da ta sa na fara rubuto miki ta ƙare, kuma na san aiki ya yi miki yawa. Sai dai na saba. Idan abu ya faru a makaranta ko a gida sai in ji ina shirya yadda zan faɗa miki. Akwai kuma tambayoyi da nake so in yi miki a kan Kaka, da kan aikin jinya, waɗanda ba zan iya yi a waya Appa yana tsaye a kaina ba. Idan ba zan dame ki ba, ki ba ni izini in riƙa rubuto miki, ko da babu wani abin da ya faru. Ba sai kin amsa kowacce ba. Yanzu kuma za ki iya aikowa gida kai tsaye, na rubuta adireshin a bayan ambulan.

Taki cikin ladabi,
Jismi